Faretin Yaye Hafsoshi A Kaduna: Shugaba A Gaban Hoto, Tarihi A Cikin Sahu

Daga Wakilinmu

Kowace shekara idan damina ta kusa ɗaukewa, cikin watan Satumba ko na Oktoba, Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Nijeriya, watau NDA, ta kan yi babban faretin yaye ɗalibanta a mazauninta na Afaka, daf da filin jirgin saman Kaduna. Babban baƙo a wannan rana shi ne Shugaban Ƙasa, domin shi ne Babban Kwamandan Askarawan Nijeriya, kuma da izininsa ake ba kowane sabon hafsa muƙami. In wani uzuri ya hana shi zuwa, sai ya turo wakili. Kashegari jaridu su kan fito da hoto kusan iri ɗaya: ga Shugaba tsaye cikin buɗaɗɗiyar mota yana duba fareti, ko kuwa ga shi yana miƙa takobin girmamawa ga ɗalibin da ya fi kowa ƙwazo. A bayansa kuma ga samari da 'yan mata sahu-sahu sun ƙame, ba wanda aka ambaci sunansa a ƙasan hoton.

Mai karatu zai so ya san yadda ake samun wannan hoto, da irin wahalar da mai ɗaukarsa ke sha. Amma akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. Shekaru sun nuna cewa idan hoton fareti ya tsufa, mutane su kan bar kallon babban baƙo su koma neman fuskokin da ke cikin sahu, domin daga cikinsu ne shugabannin soja na gobe ke fitowa, daga cikinsu ne kuma waɗansu ke tafiya fagen fama ba su dawo ba. Iyayen da suka taso daga Kasuwan Magani ko Kachia ko Kafanchan tun da asuba, su dama fuska ɗaya tak suka zo nema.

ASALIN MAKARANTAR

An kafa NDA a Kaduna a farkon shekarar 1964, domin ƙasa ta riƙa horar da hafsoshinta a gida. Kafin haka, matasan da aka zaɓa su kan fara samun horo a Kwalejin Horar da Soja ta Kaduna, sa'an nan a tura su waje, musamman Sandhurst da Mons a Ingila. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ta wannan tsohuwar hanya ya bi: ya shiga kwalejin Kaduna a 1962, ya wuce Mons, ya zama hafsa a watan Janairu na 1963. Hafsoshin ƙasar Indiya ne suka taimaka wajen kafa sabuwar makarantar, kuma kwamandanta na farko Ba'indiye ne, Birgediya M.R. Verma.

Tun daga 1985 makarantar ta soma ba da digiri, ɗalibin babban kwas kuwa ya kan shekara biyar yana karatu da horo kafin a yaye shi. A 2011 aka fara ɗaukar mata a wannan kwas. Ana kasa ɗaliban cikin bataliyoyi masu sunayen Abisiniya da Mogadishu da Bama da Dalet, watau wuraren da sojan Nijeriya suka yi yaƙi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga kowace jiha ta tarayya ake ɗauko su, har da Abuja, saboda haka wanda ya dubi sahun fareti ya ga Nijeriya a taƙaice.

KAFIN A BUSA BIGILA

Aikin mai ɗaukar hoto ya kan fara tun kwanaki kafin ranar fareti. Sai jaridarsa ta aika da sunansa ofishin hulɗa da jama'a na makarantar, a bincika, a ba shi katin izini. Wanda ya san aikinsa ba ya yarda gwajin fareti na ƙarshe ya wuce shi, domin a nan ne zai gane ta ina ɗalibai za su shigo fili, ina motar Shugaba za ta juya, ta wane ɓangare rana za ta kasance da hantsi, da kuma inda aka keɓe wa 'yan jarida.

Ran fareti kuwa tun da duhun asuba ya kan isa ƙofa. A nan jami'an tsaro za su buɗe jakarsa, su duba kyamara da batir da kowane gilashi, wani lokaci ma su sa shi ya ɗauki hoto a gabansu don su tabbata kyamara ce ta gaske. Da zarar jerin motocin Shugaba ya ƙaraso, an rufe hanya ke nan, wanda ya makara sai dai ya ji kiɗan badujala daga waje.

Wannan tsanani yana da dalili. Ran 6 ga watan Oktoba na 1981, a wurin faretin soja a Alƙahira aka harbe Shugaban Masar, Anwar Sadat. Waɗansu sojoji ne daga cikin masu faretin suka diro daga mota suka buɗe wuta, a daidai lokacin da idon jama'a ke kan jiragen yaƙi a sama. Ran 9 ga watan Satumba na 2001 kuma, mutum biyu da suka zo da sunan 'yan jarida suka kashe madugun Afganistan, Ahmad Shah Mas'ud, da bam ɗin da suka ɓoye cikin kayan ɗaukar hoto. Tun daga nan masu tsaron shugabanni a ko'ina cikin duniya ba sa ɗaukar kyamara da wasa.

Ita kanta Afaka ta ga tashin hankali. A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji da ke maƙwabtaka da makarantar. Ran 24 ga watan Agusta na wannan shekara suka kutsa cikin gidajen hafsoshin NDA da dare, suka kashe hafsa biyu, suka tafi da ɗaya. Duk da haka a watan Oktoba aka yi fareti, Shugaba Buhari kuma ya halarta da kansa. Hoton da aka ɗauka a ranar ya zama jawabi shi kaɗai, domin ya nuna wa jama'a cewa makarantar tana nan tsaye. Hukuma ta san amfanin irin wannan hoto, shi ya sa kowane Shugaba ke da nasa mai hoton da aka yardar wa ya matso kusa. A zamanin Buhari, Bayo Omoboriowo da Sunday Aghaeze ne aka fi sani da wannan aiki. Sauran masu hoto kuwa a kan tsayar da su wuri guda a bayan igiya, ba mai gittawa gaban fareti.

ABIN DA IDO KE JIRA

Fareti ba ya jiran kowa, kuma ba a maimaita shi. Akwai lokuta kaɗan da edita ke sa ran gani a teburinsa: isowar Shugaba da taken ƙasa, duba sahu, wucewar tutoci, maci a hankali da maci da sauri, miƙa takobi da lambobin yabo, sai rantsuwa da liƙa anini. Miƙa takobi ba ya wuce 'yan sakan-sakan. In wani dogari ya gitta, ko Shugaba ya juya baya, shi ke nan, hoton shafin farko ya tafi sai baɗi.

Tun da yake an tsayar da shi nesa, dole mai hoto ya riƙe dogon gilashi mai jawo nesa kusa, kamar na milimita 300 ko 400, ya kuma rataya kyamara ta biyu mai gajeren gilashi don ɗaukar faɗin fili. In yana son ya tsayar da ƙafafun masu maci a sama, duk a layi ɗaya kamar an auna da igiya, sai ya sa ƙyaftawar kyamara ta yi sauri ƙwarai, kamar kashi ɗaya cikin 500 na sakan ko fiye. Ya kan kuma bi kiɗan ganga da kunne, domin ganga ce ke gaya masa lokacin da ƙafa za ta tashi.

Hasken ƙarshen damina ma da nasa halin. Yanzu rana ta take, jim kaɗan hadari ya rufe ta. Fararen tufafin mayaƙan ruwa su kan ruɗi ma'aunin haske, har fuskoki su fito baƙi ƙirin, bakin hula kuma ya jefa inuwa a kan idanu. Gwani ya kan auna haskensa a kan fuska, ya bar tufafi su yi yadda suka ga dama.

A shekarun 1970 da 1980 wahalar ta fi haka. Nadin fim ɗaya hoto 36 ya kan ɗauka, saboda haka mai hoto yana lissafi a zuci kada fim ya ƙare masa a daidai lokacin miƙa takobi. Ba ya kuma sanin abin da ya samu sai ya koma ɗakin duhu ya wanke. Yau kyamara na ɗaukar dubbai, ana ganin hoto nan take, ana aika shi ofis ta waya kafin Shugaba ya hau jirgi. Sai dai sauƙin ya zo da nasa ciwon: hoto ya yi yawa, rubuta sunayen waɗanda ke ciki kuwa ya yi ƙaranci.

SU WA KE CIKIN SAHU?

A watan Maris na 1967 aka yaye rukunin farko na babban kwas. Wata huɗu bayan haka, a watan Yuli, yaƙin basasa ya ɓarke. Wanda ya ɗauki hoton waɗannan samari a ranar ba shi da hanyar sanin ko su wane ne za su zama. A cikinsu akwai Salihu Ibrahim, wanda ya zama Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa daga 1990 zuwa 1993. Akwai Joshua Dogonyaro, wanda muryarsa ce ta sanar da juyin mulkin 27 ga watan Agusta na 1985 a rediyo. Akwai Oladipo Diya, wanda ya zama na biyu a gwamnatin Janar Sani Abacha. Akwai Aliyu Muhammad Gusau, wanda ya riƙe muƙamin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro fiye da sau ɗaya. Akwai kuma Zamani Lekwot, mutumin Zangon Kataf, wanda ya yi Gwamnan soja na Jihar Ribas daga 1975 zuwa 1978, daga baya ya dawo ya zama kwamandan makarantar da ta yaye shi.

Kudancin Jihar Kaduna ya daɗe yana ba da 'ya'yansa ga aikin soja. Janar Martin Luther Agwai, mutumin yankin Kachia, a 1972 ya zama hafsa. Ya shugabanci sojan ƙasa daga 2003 zuwa 2006, ya zama Babban Hafsan Tsaro, sa'an nan ya jagoranci rundunar kiyaye zaman lafiya a Darfur. Marigayi Laftana-Janar Luka Yusuf, daga ƙasar Kagoma cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, ya shugabanci sojan ƙasa daga 2007 zuwa 2008. Janar Christopher Musa, wanda asalinsa Zangon Kataf ne, ɗan rukuni na 38 ne da aka yaye a 1991, ya kuma riƙe muƙamin Babban Hafsan Tsaro daga 2023 zuwa 2025. Kowane ɗayansu akwai ranar da ya kasance ƙaramar fuska a bayan babban baƙo.

Akwai kuma waɗanda kwanansu bai yi tsawo ba. Laftana-Kanar Muhammad Abu Ali, gwarzon tankokin yaƙi, ya rasu a fagen fama a Malam Fatori ta Jihar Borno ran 4 ga watan Nuwamba na 2016. Tolulope Arotile, 'yar rukuni na 64, an yaye ta a watan Satumba na 2017, ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a Nijeriya a 2019, ta rasu a hatsarin mota a sansanin mayaƙan sama na Kaduna ran 14 ga watan Yuli na 2020, tana da shekara 24. Laftana-Janar Ibrahim Attahiru, ɗan Kaduna, yana kan kujerar Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa jirginsu ya faɗi kusa da filin jirgin saman Kaduna ran 21 ga watan Mayu na 2021, ba nisa da filin faretin. Allah ya ji ƙansu. Duk lokacin da irin wannan labari ya zo, abin da 'yan jarida da dangi ke fara nema shi ne tsohon hoto. Waɗannan an san su, an sami hotunansu. Ƙananan hafsoshi da yawa da suka kwanta dama a Arewa maso Gabas da dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari ba su daɗe a aiki ba, sau da yawa hoton ranar yaye shi ne mafi kyawun abin da suka bar wa iyayensu.

DAGA KASUWAN MAGANI ZUWA AFAKA

Kasuwan Magani gari ne a Ƙaramar Hukumar Kajuru, a kan hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Kujama, ta wuce Kufana da Idon zuwa Kachia, daga can ta miƙa Zonkwa da Kafanchan. Adara da Hausawa da Fulani da sauran ƙabilu ke zaune a cikinsa, kasuwarsa kuma tana ci ran Alhamis. Mutanen garin sun saba ganin motocin soja, domin a Kachia makarantar koyon harba manyan bindigogi take, a dajin Kachia kuma ɗaliban NDA suka sha yin atisayensu na ƙarshe kafin yaye, wanda ake kira Camp Highland. Yaro da ya tashi a bakin wannan hanya ba abin mamaki ba ne ya yi sha'awar kaki.

In Allah ya sa ɗan gida ya kai ga yaye, ranar ta dangi ce baki ɗaya. A kan yi anko, a ɗauki shatar mota, a kwana a Sabon Tasha ko Kawo wurin 'yan'uwa, ko kuwa a yi sammako. Katin gayyata ba ya isar kowa, saboda haka waɗansu su shiga rumfa, saura su jira a waje. Daga cikin rumfa kuwa ɗalibai duk ɗaya suke: hula ɗaya, tufafi ɗaya, taku ɗaya. Uwa ta kan yi ta leƙe tana tambayar na kusa da ita ko ya hango shi, har fareti ya ƙare ba ta tabbata wanne ne nata ba. Sai bayan Shugaba ya tashi, an saki igiya, sa'an nan ta rungumi ɗanta da anininsa a kafaɗa.

A nan ne masu hoto na kasuwa ke shigowa. Su ba su da katin tsayawa kusa da dandamali, amma su ne ke ɗaukar hoton da za a rataya a falo shekara talatin. A da sai a biya rabin kuɗi, a rubuta adireshi, a jira mako biyu ko uku, wani ma har abada bai ga hotonsa ba. Yanzu da ƙaramin injin bugawa suke yawo, nan take su miƙa wa mutum. Daga baya a kai wa mai shago a Kachia ko Kafanchan ya faɗaɗa shi, ya sa masa gilashi da katako.

Sai dai takarda ba ta da ƙarfi. A watan Fabrairu na 2018 rikici ya tashi a Kasuwan Magani, aka ƙone gidaje da shaguna masu yawa. Ran 18 ga watan Oktoba na wannan shekara wani ya sake tashi daga cikin kasuwa, 'yan sanda suka ce mutum 55 ne suka rasa rayukansu. Wanda ke gudun ceton rai ba ya tsayawa cire hoto daga bango. Ko ba wuta, akwai gara, akwai yoyon damina, akwai wayar da ke lalacewa ko a sace ta da hotuna dubu a ciki. Gida da yawa a wannan yanki abin da ya rage musu na tarihin iyali sai abin da tsofaffi ke iya tunawa.

Wannan hasara ta wuce ta gida ɗaya. A garin da aka sha raba mutane da sunan addini da ƙabila, hoton da ke nuna ɗan Adara da ɗan Hausa da ɗan Bajju da ɗan Kanuri kafaɗa da kafaɗa, sun yi rantsuwa a rana ɗaya, shaida ce da yara ya kamata su tashi suna gani.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, a kan masu hoton jaridu. Bayan an sami na shafin farko, a juya dogon gilashin nan zuwa sahu, a bi bataliya-bataliya, a ɗauki fuskoki yadda za a gane su. Hoto kuma kada ya bar hannun mai shi sai da kwanan wata, da lambar rukuni, da sunan wuri, da sunayen da ya iya samu, daga hagu zuwa dama. Tsofaffin ma'aikata da fensir suke rubuta wannan a bayan kowane hoto. Kyamarar yau tana da gurbin rubuta shi a jikin hoton, saura a yi amfani da shi.

Na biyu, a kan hukumomi. Kaduna tana da wuraren ajiya biyu da suka dace da wannan aiki: Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970, da kuma reshen Ma'aikatar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa. Ya dace kowace shekara a kai musu cikakken kwafin hotunan rukunin da aka yaye, tare da jerin sunaye da jihohi, yadda iyalin da gobara ta cinye nasu za su san inda za su nema. Haka kuma tsofaffin fina-finan hoto da ke jibge a ɗakunan jaridun da suka daina fitowa, da na ma'aikatun watsa labarai na jihohi, a ceto su a kwafe su cikin kwamfuta tun zafi da laima ba su gama da su ba.

Na uku, a kan iyaye. Kada a dogara da waya kaɗai. A buga hoton aƙalla biyu, a rubuta suna da shekara da lambar rukuni a baya, har da sunayen abokan da suka tsaya tare da shi. A rataya ɗaya a gida, a ba wani ɗan'uwa da ke wani gari ɗaya ya ajiye.

Shugaban Ƙasa yana da ma'aikata da aikinsu ke nan su adana hotunansa, nasa ba zai ɓata ba. Yaron da ke tsaye a sahu na uku, wanda ya fito daga wani ƙauye a bayan Kasuwan Magani, shi ba shi da kowa sai mai hoton da ya tuna ya juyo da kyamara wajensa, ya kuma tambayi sunansa.